Asirin da Na Rufa wa Fada Dogo

Da sunan Uba, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki. Ina gaishe da duk wanda wannan rubutu ya faɗa hannunsa, Kirista ne ko Musulmi. Sunana Bitrus Tanko, Bamaguje daga wani ƙauye a ƙasar Malumfashi. Karatuna bai wuce firamare ba, sana'ata kuwa girki, don haka kada a nemi gwaninta a nan. Na rubuta ne saboda an ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka shafa wa naka ruwa. Na yi jinyar mutumin da ya fi kowa yi mini alheri a duniya, na kuma cuce shi da bakina ina ganin gata nake yi masa.

Sunansa na baftisma Tomas, amma a ƙasarmu ba wanda ya san shi sai da Fada Dogo. Haifaffen Bronx ne a birnin New York, ubansa ɗan kwana-kwana. Ya shiga zuhudu tun yana saurayi, cikin masu fararen riguna da dogon carbi a ɗamara, waɗanda ba sa aure, ba sa mallakar ko anini, kuma in shugabansu ya ce tashi sai su tashi. Suka tura shi Roma ya karanci tauhidi, daga can aka aiko mana shi. Ya yi shekaru yana yawon ƙauyuka a kan babur, ya iya Hausa har da habaici. Ni ne kukunsa. A shekarar da aka yi kashe-kashe a Arewa, na ga da idona ya tsaya a ƙofar mishan, mutane cike a bayansa suna kuka, wani ya sauke masa gora a kafaɗa. Bai ɗaga hannu ba. Cewa ya yi, "Sannu da aiki. Ka gama?" Mutumin ya sauke gorar, ya juya. Irin mutumin da nake magana a kansa ke nan.

Wajen ƙarshen shekarun sittin aka kira shi gida ya zama farfesan tauhidi a wata babbar makaranta. Ya roƙa aka ɗauko ni, in riƙa yi wa gidan zuhudunsu girki, in kuma taya shi gyaran littattafan addu'a da yake mayarwa Hausa. Daga baya matata Rifkatu ta biyo ni, muka bar 'yarmu Talatu wurin kakarta, muka kama ɗaki a nan Bronx, kusa da unguwar Parkchester. Ɗalibai suna son Fada. Ni ban san abin da yake koya musu ba, sai dai nakan ga sun biyo shi har kicin suna musu, shi kuma yana satar soyayyen dankali daga kaskona yana ba su amsa.

Ciwon ya fara ne a tsakiyar shekarun saba'in, lokacin da ganyaye ke zuba kafin sanyi. Makon farko ciwon kai ne da safe, da amai kafin addu'ar Misa. Sai ya riƙa cewa yana jin warin taya tana ƙonewa. Ba wanda ya kula, domin a shekarun nan gidajen Bronx ƙonewa suke yi ba dare ba rana, kowa yana jin warin hayaƙi. Na ba shi asfirin, na dafa masa citta.

A mako na biyu, wata safiya na kai masa kofi ɗakin karatunsa. Ya kurɓa, ya dube ni da wasu idanu da ban taɓa gani ba, ya ce, "Guba ka sa mini, ɗan iska?" Na ɗauka wasa ne, na yi dariya. Kofin ya wuce ta gefen kaina ya fashe a bango. Kafin in juya ya ɗauki ƙaton ƙamus ya maka mini a kunne. Na faɗi a kan gwiwa, jini yana gangarowa cikin kwalar rigata. Ya tsaya a kaina yana huci kamar sa. Can sai ya dubi hannunsa, ya dubi jinin, ya zauna a ƙasa da farar rigarsa ya fashe da kuka.

"Bitrus, me na yi? Ni na yi wannan?"

Na ce, "Ba komai, Fada. Tsautsayi ne."

A nan sai in faɗi abin da ya sa muka tsorata mu duka biyu. Shekara guda kafin wannan, mun je duba wani tsohon Fada na gidanmu da kansa ya taɓu, aka kai shi asibitin mahaukata na gwamnati a bayan gari. Mun tarar da maza tsirara a kan benci, wasu ɗaure da bel, zarnin fitsari tun daga ƙofa. Tsohon da ya yi shekaru yana wa'azi, muka same shi da fasasshen leɓe yana lasar bango. Shi Fada Dogo ya tuna da wannan. Ya kama ƙafata, shi farfesa, ni kuku, ya ce, "Ka rufa mini asiri. In Shugaba ya ji, can za su kai ni. Don Allah, ɗana, kada ka bar su su kai ni can."

Na yi masa alkawari. Na share fasasshen kofin, na wanke jinin, na gaya wa Fada Shugaba, wato babban limamin gidan zuhudun, cewa santsi ne ya kwashe ni a matakala.

A wurinmu rufa wa babba asiri ba zaɓi ba ne, tarbiyya ce. Kakana ya tsufa yana fitsarin kwance, ba wanda ya sani a ƙauyen sai uwata da ke wanke tabarmar tun asuba. Da wannan na tashi. Amma tunda furta zunubi nake yi, bari in faɗi sauran. Takardun zamana a ƙasar nan a kan Fada suke rataye. Na san in aka ɗauke shi, ba lalle gidan ya ci gaba da riƙe ni ba. Rabin shirun da na yi ƙauna ce, rabi kuwa tsoron jirgin komawa gida hannu rabbana.

Daga mako na uku duka ya zama abincina. Ba kullum ba. Sai ya yi kwanaki lafiya lau, ya je aji, ya dawo yana zolaya, sa'an nan abin ya taso ba sanarwa. Ya zane ni da carbin ɗamararsa har gicciyen ya tsaga mini baya. Ya shaƙe ni a jikin firji sai da na ga duhu. Wata rana ina yanka albasa ya kama wuyan hannuna ya murɗe, na ji ƙaramin yatsana ya yi ƙas. Da mamaki, bai cika taɓa kowa ba sai ni, wataƙila don ni ne kullum a gabansa. Ni kuma na ƙware wajen rufe ƙofa da ƙara muryar rediyo.

Rifkatu ce ta fara gani. Tana goge-goge a wani asibiti, ta saba ganin rauni. Ta ɗaga rigata ta yi salati irin na mutanen garinmu.

"Baban Talatu, wannan ba matakala ba ce. Matakala ba ta da hannu."

Na gaya mata. Ta ce gobe-goben nan in sami Shugaba. Na ce na yi alkawari. Ta ce, "Alkawari da mutumin da ba ya cikin hankalinsa? To in ya kashe ka, wa zai rufa wa Talatu asiri?" Na daka mata tsawa, na ce ta yi shiru, maganar maza ce. Wannan ma yana cikin laifuffukana.

Sai na kai kukana wurin abokina Alhaji Sani, Bakano, direba a ofishin jakadancin ƙasarmu. Hausawa ba su da yawa a birnin a lokacin, ba ma tambayar addinin juna kafin mu ci tuwo. Muna zaune cikin motarsa yana jiran maigidansa, ya saurara har na gama.

Ya ce, "Kai Bamaguje, kai da aka haifa cikin 'yan bori, ba ka gane ba? Mutumin nan ya yi shekaru yana ratsa dazuzzukanku da babur da tsakar rana. Ai wani abu ya biyo shi. Sun bari ne ya ƙetare teku tukuna."

Na ce, "Alhaji, mu mun bar wannan."

"Kun bar su, su sun bar ku? Zan sa a yi rubutu, ka zuba masa a shayi. Ba sai ya sani ba. Amma ka ji, kada ka tona shi wurin Turawan nan. Malami ne babba. Ka rufa masa, Allah ya rufa maka."

Na karɓi rubutun a kwalbar lemo, na zuba wa Fadan Katolika a shayinsa har ya ƙare. Ban zargi Alhaji ba, da zuciya ɗaya ya yi. Ni ne na zaɓi shawarar da ta yi daidai da abin da nake so in ji.

Kafin Kirsimeti abin ya ɗan leƙo waje. Yana cikin koyarwa wani ɗalibi ya yi masa musu, ya ɗauki kujera ya jefa ta taga. Ba ta sami kowa ba. Shugaba ya kira ni ofishinsa. Tsoho ne mai sanyin murya, ya ce yana zargin ko Fada ya fara shan giya a ɓoye, in duba masa ko akwai kwalabe. Ya kuma tambaye ni, "Kai fa, yana yi maka wani abu?" Na ce a'a. Ya umarci Fada ya je asibiti, ni kuma in raka shi.

Mun wuni a layi. Benci cike da masu tari, da wani da aka soka wa wuƙa yana riƙe da cikinsa da tawul, da mata masu goyo. Da aka kira mu, likitan ya duba idonsa, ya buga masa ƙaramar guduma a gwiwa, sa'an nan ya tura shi a ɗebi jininsa. Ya rage daga ni sai likita. Ya cire tabarau ya ce mini da Turanci, "Kai kake tare da shi kullum. Halinsa ya sauya? Yana yin abin da ba ya yi da? Faɗa mini, yana da muhimmanci."

Hular sanyi tana rufe da kunnena da ya tsage. Yatsana karyayye yana cikin safar hannu. Ba abin da ya rage mini sai in cire hular. A garinmu in aka tambaye ka ya mai jiki, ko yana gargara, da sauƙi za ka ce. Na gane sarai ba irin wannan gaisuwar likitan yake yi ba. Duk da haka na ce masa jiki da sauƙi, aiki ne kawai ya yi masa yawa. Ya rubuta masa ƙwayoyin kwantar da hankali, ya ce ya huta wata guda. A cikin jirgin ƙasa muna komawa Fada ya matse hannuna, wanda ya karye ɗin, ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Na ji daɗi. Ku ji fa, daɗi na ji.

Sanyi ya wuce a haka. Ƙwayoyin suka sa shi barci, amma da ya farka abin yana nan. Ya fara jan ƙafar hagu. Ya tsaya a tsakiyar Misa ya manta abin da ke gaba. Rubutunsa ya karkace. Ni ina biye da shi ina gyara, ina ƙarya.

A cikin Azuminmu na Kirista, wata Lahadi da rana, Rifkatu ta ce in kawo shi gida ya ci tuwo, ko zai tuna zamanin da. Alhaji ya samo mana kuka da daddawa daga wani da ya dawo daga Kano. Fada ya zo da fara'a, ya zauna a ƙasa kamar yadda ya saba, yana tsokanarta wai miyarta ba ta kai ta uwata ba. Ta ce, "Baba, ai kai santi ne ke sa ka surutu." Muka yi dariya. Ta tashi ta ɗauko tukunyar miya daga kan wuta don ta ƙara masa.

Ban ga farkonsa ba. Na ji dai ya ce, "Kina yi mini dariya?" Sai ga shi tsaye, ya hankaɗe ta da hannu biyu. Ta bugu da murhu, tafasasshiyar miya ta kife mata daga gwiwar hannu har yatsu. Ihun da ta yi har yau ina jin sa. Bai tsaya ba, ya kama ɗankwalinta da gashin yana jan ta a ƙasa.

Ni da na sha duka wata da watanni ban rama ba, ranar na rama duka. Na naushe shi a fuska. Ya sake ta, na ƙara masa. Ya faɗi, na hau kansa ina duka ina zaginsa da ashar ɗin da ban yi ba tun ina yaro. Rifkatu ce, da ƙonannen hannunta, ta riƙa jan rigata tana cewa, "Za ka kashe shi! Baban Talatu, dubi idonsa!" Idanunsa sun juye, jikinsa yana karkarwa, kumfa da jini suna fita ta bakinsa. Farfaɗiya ce ta kama shi a ƙarƙashina.

Maƙwabta suka kira 'yan sanda. Abin da suka tarar shi ne baƙin mutum da jini a hannu, da farin limami kwance cikin jini. Ba su tambayi komai ba. Ɗaya ya haɗa fuskata da bango, haƙorina na gaba ya fita, ɗayan ya sa mini kulki a haƙarƙari har na durƙusa, suka sa mini ankwa. Sai da motar asibiti ta zo suka lura akwai mace da ta ƙone. Allah ya sa suka bi da ni asibitin don a ɗinke mini leɓe kafin su wuce da ni ofishinsu.

A can Shugaba ya same mu. Ya dube ni ya ce, "Bitrus, kai? Bayan duk abin da ya yi maka?" Na sunkuyar da kai. Wallahi ko a lokacin ban yi niyyar magana ba. Rifkatu ce ta taso daga inda ake naɗe mata hannu, ta kama rigata da hannu ɗaya ta yage ta har ƙasa, ta fizge hulata.

Ta ce da Turancinta na goge-goge, "Ku duba! Ku duba bayansa!" Sa'an nan ta juyo gare ni da Hausa, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In ba ka faɗa ba ni zan faɗa, ka sake ni in ka ga dama."

Tabon carbi, sabo da tsoho, ga su nan jere. Na faɗi komai, tun daga kofin kofi. Shugaba ya zauna a benci ya rufe fuska. Shi ya roƙi 'yan sandan suka cire mini ankwa.

A makon suka ɗura wa Fada wani ruwa ta jijiyar wuya suka ɗauki hoton kansa. Likitan ƙwaƙwalwa, wata mace mai furfura, ta kira ni da Shugaba ta manna hoton a jikin fitila. Ta nuna wani abu kamar ƙwan agwagwa a bayan goshinsa, ta ce ƙari ne. Ta ce mini, "Ba shi ya doke ka ba, wannan ne." Na ji sanyi a raina. Sai ta tambayi yaushe ya fara. Na faɗa mata. Ta ce, "Da a lokacin kuka zo, da na yi fatan cire shi duka. Yanzu ya yi saiwa." Waɗannan kalmomi uku, ya yi saiwa, da su nake kwana da su nake tashi.

Aka yi masa aiki, suka cire abin da ya ciru. Makonnin da suka biyo baya su ne mafi muni. Ya farka yana fizge-fizge, ya ciji wata nas, ya tumɓuke robar da ke hannunsa jini ya yi tsartuwa har rufi. Suka ɗaure shi a gado da bel ɗin fata, wuyan hannunsa ya sale. Akwai wani ƙaton ma'aikaci da na kama yana dukansa da jiƙaƙƙen tawul don kada ya bar shaida. Na kai ƙara, aka ce za a duba, washegari na same shi a bakin aikinsa. Akwai kuma wata nas 'yar tsibirin Jamaika, ita da ya ciza ɗin, wadda take shafa masa mai a inda bel ya ci, tana yi masa waƙar coci. Allah ya saka mata, ban ma riƙe sunanta ba.

Ni ma ban zama waliyyi ba. Ina ba shi abinci ya tofa mini a ido, na tura cokalin da ƙarfi har leɓensa ya fashe. Wata rana na mintsine shi a cinya inda ba za a gani ba. Kuɗin asibiti ƙungiyarsu ce ta biya, amma Rifkatu ta rasa aikinta saboda hannun, kuɗin jirgin ƙasa da na maganin ƙuna suka cinye abin da muke aika wa Talatu. Alhaji Sani ne ya riƙa kawo mana shinkafa, yana kuma kai ni asibiti da motar ofis in maigidansa yana taro. Ya ce mini, "Malam Bitrus, ashe aljanin naku na nama ne. Ka yafe mini, ni ma na sa hannu."

Bayan Ista aka sami maganin da ya rage kumburin, hankalinsa ya riƙa dawowa na wasu sa'o'i. Likita ta ce ba sauran abin da za su yi, a ɗauke shi. Shugaba ya gaya mini gaskiya: 'yan gidan tsofaffi ne, suna tsoro, ba za su iya da shi ba. Ya riga ya nemi gado a can bayan gari. Wato duk ƙaryar da na yi, da haƙorina, da hannun matata, ga shi za a kai shi inda na yi alkawarin ba za a kai shi ba.

Ranar da Shugaba zai gaya masa, Rifkatu ta ce za ta zo. Ba ta gan shi ba tun ranar tuwon. Muka same shi a zaune, kai a aske da ɗinki kamar na ƙwarya. Ya gane ta, ya yi murmushi, sai idonsa ya sauka a kan hannunta da ya yi fari-fari ya tattare.

"'Yata, me ya same ki?"

Na buɗe baki zan ce tsautsayin girki ne. Ta riga ni.

"Kai ne, Baba. Ka ture ni a kan miya. Kunnen nan nasa kai ne, da yatsan, da bayansa. Shi kuma shi ya fasa maka hanci. Ciwo ne a kanka, yana sa ka duka. Yanzu Shugaba yana so ya kai ka can, don suna tsoronka."

Ba wanda ya taɓa gaya masa duka a jere. Ya daɗe yana kallon hannun. Ya ce ta matso, ta ƙi, ta tsaya inda take. Ya ce, "Kin yi daidai." Ya roƙe ta gafara, ta ce ta yafe amma ba ta manta ba tukuna. Sa'an nan ya juya ga Shugaba ya yi magana da Turanci, a hankali, irin muryarsa ta aji. Ya ce shi ya yi alkawarin biyayya, in an ce ya tafi zai tafi. Amma yana roƙon abu ɗaya: a bar shi ya mutu a gida cikin 'yan'uwansa, a ɗaure hannuwansa a gado dare da rana, kuma Shugaba ya ba shi wannan a matsayin umarni, don ko hankalinsa ya gushe ya roƙa a kwance shi, kada kowa ya saurara.

Shugaba ya dube ni ya ce, "Za ka iya? Kuma duk abin da ya faru za ka faɗa mini a ranar?" Na ce zan faɗa. Ya sa hannu a kan Fada ya ba shi umarnin.

Muka dawo da shi ɗakin ƙasa kusa da kicin. Rifkatu ta yanka wani tsohon zanenta na atamfa, ta ɗinka maɗaurai masu faɗi da auduga a ciki don kada su ci masa fata. Da su ya yi sauran kwanakinsa. In abin ya taso yakan yi ruri, gadon ƙarfe yana tsalle, ya zage ni da uwata da ubana da Hausar da ba wanda ke ji a gidan sai ni. Kowace yamma nakan je in gaya wa Shugaba abin da ya yi da abin da ni ma na yi. In ya lafa kuma, tsofaffin ɗalibansa sukan zauna nesa kaɗan da gadon, ya riƙa yi musu bayani, hannuwa a ɗaure, yana nuni da haɓa. Sau da yawa ya yi kuka ya ce in kwance shi ya sosa fuskarsa. Ban kwance ba. Ni nake sosa masa.

Ya rasu da zafin bazara, wata safiya bayan Misa. Da aka ga numfashinsa ya sauya, 'yan gidan suka taru suna addu'a, na aika aka kira Rifkatu. Shugaba zai shafa masa mai a tafin hannu, ya ce, "Bitrus, kwance shi. Na janye umarnin." Na durƙusa na kwance na dama. Hannun ya rame, ya zama kamar itace.

Sai ya buɗe ido ya dube ni, hannun ya taso sama wajen kaina. Kafin in yi tunani jikina ya riga ya kauce, na kare fuskata da gwiwar hannu, na faɗa jikin bango. Da na ɗago sai na ga yatsunsa biyu a miƙe, yana zana gicciye a iska, a daidai inda kaina yake ɗazu. Albarka yake sa mini.

Rifkatu ta kama ƙeyata da wannan hannun nata mai tabo, ta ce, "Koma, wawa!" Ta tura kaina ƙarƙashin hannunsa. Ya riga ya gama. Hannun ya sauko a kan gashina da nauyinsa kawai, bai ƙara motsi ba.

An binne shi a maƙabartar ƙungiyarsu, cikin farar rigarsa. Wanda ya karanta wannan ya yi masa addu'a, ya yi wa Rifkatu, in da saura ya sa da ni. Ubangiji ya ba shi hutawa, ya ba masu jinya haƙuri da bakin faɗin gaskiya. Amin.